KOWACE WUTA TANA BUƘATAR ƘOFA BIYU



An nemi in yi magana a kan sana'ata, wato harhaɗa murafu da tukwanen ruwan zafi. Tun da yake ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin gyara kicin da wurin dafa ruwan wanka na ɗaliban kwana, akwai abu guda da nake roƙon kwamitin aiki ya riƙe: kowace wuta tana buƙatar ƙofa biyu, ta shigar iska da ta fitar hayaƙi.

Ga dalili. A cikin iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin ne, shi kuma wuta ke ci. Kilo 1 na gawayi sai ya sami iska kusan kilo 10 kafin ya ƙone sosai. Idan iska ta gaza, wuta ba ta mutuwa nan take, sai ta dinga fitar da guba mai suna kabon monoksaid. Wannan guba ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sama da sau 200. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, har a zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa yakan wuce ke nan bai farka ba.

Turawa da ke ɗumama gidajensu sun daɗe da sanin sharrinta. A 1902 shahararren marubucin Faransa, Emile Zola, ya rasu a ɗakin kwanansa a Paris saboda bututun hayaƙi ya toshe. A Ingila kuwa, tun 1991 doka ta hana wanda ba shi da rajista harhaɗa wa mutane tukunyar gas.

Mu ba mu da irin tukwanensu, amma muna da kasko. Idan jaura ta sauka a Disamba da Janairu, daga Dogon Daji har Kuchi, sai a cika kasko da garwashi, a shigar ɗaki, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa. Mutane na ganin tun da hayaƙi ya ɗauke, ai an tsira. Alhali garwashi na fitar da gubar ko babu hayaƙi. Haka nan janareto a zaure, da murhun gidan burodi.

Don haka ga shawarwarina ga kwamiti. Na farko, a gina ɗakin tukunya daban, kada ya haɗa ƙofa ko taga da ɗakin kwana. Na biyu, a bar kafofi biyu a bango masu kallon waje, ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya kusa da rufi. A sa musu raga, amma kada a toshe su ko da ana ɗari. Na uku, bututun hayaƙi ya miƙe sama har ya zarce kwano, kada a rage faɗinsa, a kuma duba shi kafin kowane hunturu, don kunkunniya da sheƙar tsuntsu na toshe shi. Na huɗu, in gas ne, harshen wuta ya zama shuɗi. In ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, a kashe, a kira gwani. Janareto kuma a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa.

Idan aka tarar da yara da yawa a ɗaki ɗaya suna kukan ciwon kai lokaci guda, a fitar da su sarari, a buɗe ko'ina, a garzaya da su asibiti.

'Yan uwa, kuɗin bututu da raga bai kai na buhunan siminti kaɗan ba. Rigakafi ya fi magani. Ina roƙon kowa, in ya koma Tambuwal ko Kebbe, ya isar wa iyalinsa da maƙwabta: a sha ɗumi da kasko, amma a fitar da shi kafin a kwanta.