Jawabi a Kan Yadda Birnin Kano Ya Yi Ta Sake Sana'a

Zancen yau shi ne yadda babban birni ya ke tsira da arzikinsa sa'ad da zamani ya juya. Misalin da aka zaɓa kuwa Kano ne, domin labarinta ya shafi kowace gunduma da ke kai mata kaya.

An ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Da Bajamushen nan Barth ya zo a 1851, ya tarar ƙarfin garin a saƙa da rini ya ke, ana kai tufafinsa har Tambutu da Tarabulus. Raƙuma ke ɗauke da cinikin hamada, jakuna kuwa su nufi Gwanja su ɗauko goro.

Sai hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911. Kayan da ayari kan yi wata da watanni yana jansu ta cikin rairayi suka koma zuwa ta Ikko, da sauri, da araha kuma. Cinikin hamada ya yi ta ja da baya, zangunansa irin su Gadamas suka dushe. Kano ba ta dushe ba, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa.

Turawa sun yi tsammanin auduga ce jirgin zai riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila. Amma masaƙan gida sun fi su sayenta da daraja, manomi kuwa ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi masa: ba ta gajiyar da ƙasa, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta ƙi kuma ya ci abarsa. Fataken goro, waɗanda suka riga suka san bashi da amana da tafiyar da yara, suka juya dukiyarsu nan da nan, suka aika wakilansu ƙauyuka suna ba da kuɗi kafin kaka. A 1913 kaɗai an fitar da gyaɗa wajen tan 19,000 daga Nijeriya. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da goro a ƙasar Asante, ya shiga sayen gyaɗa sosai a 1918, ya kuwa rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Watau haja ce ta sake, amma sanin ciniki na nan yadda ya ke.

Har yau akan tuna dalar gyaɗa da alfahari. Gaskiyar magana ita ce buhunan sun taru ne domin jirgi ya kasa kwashe su a kan kari, kuma ƙasar da ta jingina da haja guda tana cikin hatsari. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Dala ta ɓace, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona.

Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun riƙe dubban ma'aikata na ɗan zamani, sa'an nan ƙarancin wutar lantarki da atamfa mai araha daga ƙasashen waje suka rufe masaƙu da dama. Wannan rauni bai warke ba tukuna, bai kuwa kamata a ɓoye shi ba. Kantin Kwari cike ta ke da masu saye daga Nijar da Cadi da Kamaru, amma yawancin yadin da ke cikinta ba a Kano aka saƙa shi ba. Ribar dillanci tana shigowa, ladan masaƙi yana can wata ƙasa.

Duk da haka garin ya sake samun mafita, kuma daga karkara ta zo. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta buɗe noman rani a Kadawa da Kura, ga shinkafa ga tumatir. Kasuwar Dawanau ta zama matattarar hatsi, daga nan riɗi da zoɓo ke tafiya ƙetare. Majemun Challawa suna aika fata Turai. Ga kuma sana'ar fim, wadda ta kankama daga 1990, abin da ba wanda ya taɓa tsarawa a ofis. A 2023 aka buɗe tashar kaya ta kan tudu ta Dala, domin ɗan kasuwa ya gama da kwastan a gida.

To, ina ruwan hakimi? Buhun riɗin da ya isa Dawanau da yashi a ciki, sunan gundumar da ya fito ya ke ɓatawa, baɗi sai a rage wa kowa kuɗi. Gadar da ta karye da damina kan sa tumatir ya ruɓe kafin ya ga kasuwa. Rikicin iyakar fadama da aka bari ya kwana kan hana noman rani guda. Saboda haka ana roƙon malamin hakimi ya riƙa rubuta abin da kowace kasuwa ta fi fitarwa, da farashinsa a kaka da bazara, da yawan samarin da suka tafi cin rani, da sana'ar da suka komo da ita, a haɗa da rahoton da akan aika fada.