TUƘIN KARE KAI: HAƘƘIN DA KE KANMU A KAN HANYAR ZUWA GIDA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, kashegarin Babbar Sallah

 



Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan tuƙi. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ƙungiyar raya gari da sitiyari, ga maganar rijiyar burtsatse da azuzuwan da iska ta yaye tana jira? Amsar tana cikin wannan zaure. Kusan duk wanda ke zaune a nan ta mota ya zo, ta mota kuma zai koma. Ɗan garin nan da ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa biyar daga Abuja, idan hanya ta ɗauke shi, gida guda ne ya durƙushe, ƙungiya kuma ta rasa hannu. Babu unguwa a garin nan da ba a taɓa shimfiɗa tabarmar zaman makoki ba saboda haɗarin mota, kuma sau da yawa a irin waɗannan kwanaki ne na Sallah.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace shan wannan asara, duk da kasancewarta mai ƙarancin motoci. A nan gida, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato 'yan Rod Sefti, a watan Fabrairun 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka naɗa Farfesa Wole Soyinka shugabanta na farko. Shekara talatin da 'yan kai ke nan suna wa'azi a tashoshi da bakin titi. Sai dai jami'i ba ya iya zama a kowace mota, shi ya sa maganar ta dawo kanmu.

Abin da ake nufi da tuƙin kare kai shi ne direba ya yi tuƙin da zai tserar da shi da fasinjansa ko da wani ya yi kuskure, ko hanya ta lalace, ko yanayi ya juya. An fara koyar da shi a tsare a Amurka wajen shekarun 1950 zuwa 1960, amma ainihin hikimar tsofaffin direbobin gingimari na garin nan sun san ta tun ba a ba ta suna ba. Sukan gaya wa yaran motarsu cewa motoci biyar kake tuƙawa: taka, da ta gabanka, da ta bayanka, da biyun da ke gefe. Mai irin wannan tuƙi idan ya ga ƙwallo ta gangaro titi, ya san yaro na biye da ita. Idan ya ga bas ta tsaya a bakin kasuwa, ya san wani zai ɓullo ta gabanta ba tare da ya duba ba. Idan saniya ɗaya ta tsallaka, ya san garke na tafe. Ba ya kuma yarda da siginar kowa sai ya ga taya ta karkata. Gaskiyarka a wajen shari'a ba ta ɗora ƙashin da ya karye.

Bari mu ɗan tsaya a kan gudu, domin a nan ne lissafi yake ƙaryata abin da ido yake gani. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta sauka a kan birki, mutum mai lafiya, wanda ba ya gyangyaɗi, yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ke nan motar ta riga ta ci kusan mita 40 birki bai fara aiki ba. Bayan an taka, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, tana buƙatar wasu mita 55 kafin ta tsaya cik. Idan aka haɗa, ya kusa tsawon filin ƙwallo. Ita kuwa mai gudun 50, a cikin mita 35 ta tsaya. Dalili shi ne idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki sau huɗu take ninkawa. Saboda haka yaron da ya faɗo titi mita 40 a gabanka, idan kana kan 50 za ka tsaya ka yi masa faɗa, idan kana kan 100 kuwa da cikakken gudunka za ka same shi. Wannan ne ya sa dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi ga ƙananan motocin gida. Bas da tasi ba su wuce 90 ko a tagwayen hanya, tirela da tanka kuwa 60. Kuma me ake samu da gudun? Tafiyar kilomita 200 a kan 100 awa biyu ce. A kan 120 awa ɗaya da minti 40. Minti 20 kacal ake saye da ran iyali, waɗanda galibi a wajen sayen tsire ko a shingen jami'an tsaro za su salwanta.

Daga nan tazara ta samo asali. Hanya mai sauƙi ta auna ta ita ce a lura da wata alama a bakin hanya, bishiya ko turken lantarki. Da motar gaba ta gifta shi, sai a ƙirga daƙiƙa 3 a natse. Idan ka isa alamar kafin ka gama, ka matse da yawa. Da damina, ko a bayan tirela, ko lokacin da hazon hunturu ya sauka, a ninka. Wanda ya manne maka ta baya yana hasko fitila kuwa, ka rage, ka ba shi hanya ya wuce. Ba a raba gado a kan titi.

Wurin da ya fi ko'ina cin rai a hanyoyinmu masu hannu biyu a kwalta ɗaya, irin wadda ke shigowa garin nan, shi ne wajen wuce mota. A ɗauka tirela tana kan 60, kai kana kan 80. Kafin ka fito daga bayanta, ka shafe tsawonta, ka koma hannunka da 'yar tazara, kana buƙatar ka fi ta da kusan mita 60, kuma hakan zai ɗauke ka daƙiƙa 11. A cikin wannan lokaci ka ci mita 240 a hannun da ba naka ba, motar da ke tahowa a kan 100 kuma ta ci fiye da 300. Wato sai kana ganin fili tas na sama da rabin kilomita kafin ka yi aron hannu. A kan kwana, ko hawa, ko gada, ko da dare, ido ba ya ba ka wannan rabin kilomita. Kada kuma a dogara da hannun da yaron mota ya miƙo yana cewa wuce. Idan abin ya faru, shi yana can sama. Haka nan bin bayan wanda ya fita wucewa ganganci ne, domin shi ya auna wa kansa ne kawai.

Sai gajiya, wadda ita ce cutarmu mu mazauna birni. Ma'aikaci ya tashi ofis da yamma ranar jajibiri, ya loda iyali da buhunan tsaraba, ya kama hanyar Abuja zuwa Kaduna, ya miƙe Zariya, yana so lallai ya yi Idi a gida. Goro da kofi da buɗe gilashi suna jinkirta barci ne, ba su kore shi. Ƙwayoyi irin su Tramadol kuwa suna ƙara wa direba ƙarfin hali ne su rage masa hankali. Gyangyaɗin daƙiƙa 3 a kan gudun 100 tafiyar mita 80 ce da ido a rufe. Duba wayar salula ma haka take. Ba mu manta da ranar 31 ga Mayun 2025 ba, lokacin da motar 'yan wasan Jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kusa da Ciromawa, a hanyar Zariya zuwa Kano. Fiye da mutum 20 suka rasu, bayan sun shafe ƙasar nan tun daga kudu, gida ya rage 'yar tafiya kaɗan. Allah ya jiƙansu. Ƙarshen doguwar tafiya shi ne lokacin da jiki ya fi yin sanyi, zuciya kuma ta fi ɗoki. A huta bayan kowace awa biyu, a sauko a taka ƙasa. Idan ido ya fara nauyi, a kwana a Kaduna ko Zariya, kowannenmu yana da ɗan'uwa a can.

Game da ita motar kanta, abu ɗaya za mu ja hankali a kai, wato taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da yi. Tayoyin gwanjo da muke saya don sauƙi da yawansu sun tsufa tun kafin su shigo, ko da zanensu yana nan raɗau, roba ta bushe. A haɗa wannan da zafin kwaltar bazara, da lodin da ya wuce kima, da iskar da mai faci ya auna da bugun ƙafa, sai fashewa. Idan kuma ta fashe ana gudu, kada a danne birki. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, a bar mota ta rage da kanta sannan a gangara gefe. Bel kuwa, wanda aka fara tilasta ɗaurawa a ƙasar nan tun 2003, yana rage yiwuwar mutuwar na gaba da kusan rabi. Abin takaici, har yanzu wasu sai sun hango masu kaki suke yafa shi a kafaɗa. Uwa kuma ta sani, ba ta iya riƙe jariri a cinya idan mota ta yi karo. Wurin yara shi ne kujerar baya.

Muna neman afuwar malamanmu mu ɗan shiga gonarsu. Da an yi haɗari sai a ce ƙaddara ce, kuma babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma su malaman ne suka karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, kuma shari'a ta ɗora diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere a kan kisan kuskure. Idan kuskure ma yana da wannan nauyi, ina ga ganganci? Muna roƙon limamai su riƙa taɓo wannan a huɗuba idan Sallah ta gabato.

Akwai kuma abin da ya shafi mutanen gari da ke bakin hanya. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairun 2025, aka maimaita irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, sama da 80 suka tafi. Mun san talauci ne ke tura mutum da bokiti, amma a gaya wa yaranmu, idan tanka ta faɗi a yi nesa da ita, a kashe babur, a kira lambar gaggawa ta 'yan Rod Sefti, 122, kyauta ce. Wanda ya ji rauni a haɗari kuma kada a fizgo shi ta hannu da ƙafa. A tallafe kansa da wuyansa a miƙe, domin karayar wuya da gadon baya takan zama shanyewar jiki ne a wajen ɗauka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, don haka kada tsoro ya sa a bar mutum a kwance ana ɗaukarsa hoto.

Ranka ya daɗe, akwai abin da ba sai mun jira gwamnati ba. Yawancin motocin da ke yawo a garin nan a makon Sallah namu ne, mu muke miƙa makulli ga yaran da ba su kai shekara 18 ba, ba su da lasisi, su yi ta wasa da mota a gaban 'yanmata. Ayarin kai amarya ya zama filin tsere, mota mai cin mutum biyar ta ɗauki goma. Muna ba da shawarar ƙungiya, da izinin mai girma Hakimi, ta hana wannan a rubuce, ta sanar a masallatai. Muna kuma ganin ya dace kowane reshe, na Kano da Kaduna da Abuja, ya gayyato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su yi wa 'ya'yansa bita ta yini ɗaya kafin Sallah mai zuwa, a haɗa da direbobin gidajenmu, uwar ƙungiya kuma ta yi irinta a tasha tare da shugabannin yuniyon da 'yan acaɓa. Masu motocin haya a cikinmu su sake duba balas ɗin da suke yanka wa direba, domin wanda aka ɗora wa kuɗin da sai ya yi sawu uku zai haɗa, an riga an taka masa totur tun daga gida. Kwanar da ke gab da makarantar firamare kuma tana buƙatar allon gargaɗi da zanen tsallakawa. Kuɗinsu bai kai na shinkafar da aka dafa yau ba, muna roƙon a sa shi cikin kasafin bana.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.