Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Mutu Ba: Jawabi Ga Jama'ar Orozo



Maganata a kan kwamfutocin nan ne na hannu da muke sayowa a Banex, don lissafin shago da karatun yara. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta hawa yawancin tsofaffin na'urori. Sai mai gyara ya ɗora maka ta sata. Jama'a, wannan haƙƙin wani ne fa, ga ƙwayar cuta kan biyo ta.

To, akwai ta halas, sunanta Linux. Wani ɗalibi, Linus Torvalds, ya fara ta a ƙasar Finland a 1991. Lasisinta ya yarje maka ka yi aiki da ita, ka duba cikinta, ka gyara, ka kwafa wa maƙwabcinka, ba ka ci amanar kowa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Wannan taka ce.

Kala-kala ce, amma ɗan koyo ya nemi Linux Mint. Fuskarta kamar Windows, kuma da LibreOffice take zuwa, na rubutu da lissafi. Ana gwada ta daga filashi kafin a ɗora. Sai dai ba duk manhajar Windows ke aiki a kanta ba, kuma a kwashe takardu tukuna.

Ina roƙon ƙungiya ta ware Asabar ɗaya, matasanmu su koya mana. Allah ya yi mana jagora. Wassalam.