Amsoshin Wasiƙunku: Saƙon Da Ke Fita Mai Shi Yana Gona

A wannan mako mun ware wasiƙu huɗu ne waɗanda duk suka doshi wuri guda, wato yadda mai ɗora bidiyo ko tallan hajarsa a waya zai riƙa fitar da abinsa a kan kari, ba yau ya fito gobe a neme shi a rasa ba. To, sai a gyara zama.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani matashin manomi a yankin Malumfashi. Ya ce shi yakan ɗauki bidiyon aikin gonarsa yana koya wa 'yan'uwansa manoma a Facebook da YouTube, amma da damina ta kankama sai ya yi wata guda bai ɗora komai ba, domin ga noma, ga rashin sabis a ƙauyensu, kuma in ya dawo sai ya tarar masu kallo sun watse. Yana tambaya, shin gaskiya ne akwai na'urar da ke ɗora wa mutum abu yana barci?

To Malam, gaskiya ne, sai dai ba wata na'ura ce da za ka saya ba, manhaja ce da ake saukewa a waya. Kuma watsewar masu kallo ba abin mamaki ba ne. Ka duba kasuwar Maigatari. Me ya sa mutum zai taso daga Nijar ko daga kudu da kuɗinsa a aljihu ba tare da an aika masa goron gayyata ba? Don ya san ranar Alhamis take ci. Haka Wudil ranar Juma'a. Da a ce wannan makon ta ci Talata, na gaba ta ci Asabar, na gaban wancan ba ta ci ba sam, da tuni ta mutu, ko da shanun da ke cikinta sun fi na ko'ina. Shafinka ma kasuwa ne. Abin da ya fi yawan bidiyo muhimmanci shi ne a san ranarka.

Ga yadda abin yake aiki. Idan ka ɗora bidiyo, ba a wayarka yake zaune ba, ya tafi manyan kwamfutocin kamfanin ne. Saboda haka kana iya ɗora shi yau, ka ce kada a nuna wa kowa sai ranar Laraba da ƙarfe 8 na dare. Da zarar ya gama hawa, to ko wayarka ta mutu, ko kana tsakiyar maimai a gona, kwamfutocin can za su sake shi a kan lokaci. Mu ma nan gidan rediyo, shirye-shirye da yawa tun kafin ranarsu ake naɗarsu, a ajiye, lokaci ya yi a sa.

Ga mai shafi a Facebook ko Instagram, akwai manhajar kamfanin da kansa, sunanta Meta Business Suite. A shekarar 2020 aka fito da ita, kuma kyauta ce. A cikinta akwai kalanda, inda za ka ga abin da ka jera na kowace rana. A YouTube kuwa, a matakin ƙarshe na ɗora bidiyo, inda ake tambayarka wa zai gani, nan za ka tarar da wurin zaɓen rana da lokaci. Masu amfani da Telegram su ma suna da wannan dama tun 2019: ka rubuta saƙonka, ka danne maɓallin turawa ka riƙe, zai ba ka zaɓin lokaci.

Shawararmu gare ka ita ce, ka mai da ranar da kake shiga gari cin kasuwa ta zama ranar ɗorawa. Cikin mako ka ɗauki gajerun bidiyo uku ko huɗu kana cikin aikinka. Ranar kasuwa ka yi caji, ka sami inda sabis yake da ƙarfi, ka ɗora su gaba ɗaya, ka raba musu ranaku. Amma ka tsaya sai ka ga kowanne ya gama hawa kafin ka kama hanyar gida, domin wanda ya tsaya a rabi ba zai fita ba. Wannan dabara tana rage ɓarnar data ma, don bidiyon da ke yankewa ana sakewa shi ke cinye kuɗi, ga shi kuwa tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Kada kuma ka ɗauki alƙawarin da ya fi ƙarfinka. Bidiyo ɗaya duk mako har shekara ta zagayo ya fi bakwai a mako guda sannan a yi shiru. Da sannu ƙwai kan yi ƙafa.

Sai wasiƙa ta biyu, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalinmu. Wani Alhaji ne mai sayar da hatsi, wanda ke sarin kaya a Dawanau. Ya ce ɗansa ya jera masa tallan mako guda da farashin buhun masara a jiki. Kafin ranar Alhamis kasuwa ta tashi, amma tallan ya ci gaba da fita da tsohon farashi. Wani ya yi hayar mota ya zo da kuɗinsa, aka gaya masa ba haka farashin yake ba, aka yi ta sa-in-sa a gaban jama'a har ana kiran Alhaji mai baki biyu. Yanzu yana tambaya, ya watsar da abin ne baki ɗaya?

Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, amma kada ka watsar. Abin da ya faru shi ne an zuba kayan gwari a rumbu. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi mu sanin cewa kaya iri biyu ne. Akwai gero da dawa da kauɗa, waɗanda za a ajiye wata da watanni ba abin da zai same su. Akwai kuma ɗanyen tumatir da alayyafo, waɗanda in ba a sayar yau ba, jibi sai juji. To labari ma haka yake. Manhaja agogo kawai take dubawa. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta san an rufe iyaka ba, ba ta san mai ya yi tsada ba. Abin da aka ba ta shi za ta fitar, ko da duniya ta juya.

Saboda haka ka raba saƙonninka gida biyu. Na rumbu su ne waɗanda gaskiyarsu ba ta canzawa: inda rumfarka take, irin kayan da kake sayarwa, yadda ake gane wake mai ƙwari da marar ƙwari, yadda kake auna tiya a gaban mai saye, yadda ake ɗaure buhun nan mai ninki uku na adana wake ba tare da magani ba, wato a matse iska a ɗaure ledar ciki, a ɗaure ta biyu, sannan buhun waje. Irin waɗannan ka jera su na wata guda ma ba laifi. Na gwari kuwa su ne farashi, da cewa kaya sun iso ko sun ƙare, da maganar ruwan sama. Waɗannan da hannu ake tura su, a ranar, kuma a rubuta rana da lokaci a jiki, alal misali: farashin safiyar Litinin ne, a kira kafin a taso. Wannan 'yar jimla guda da ta raba ka da rigimar da ka faɗa mana.

Manomin Malumfashi, kai ma da kai ake. Yadda ake gane tsutsar nan mai cin masara, wadda aka fara ganinta a Najeriya a 2016, labarin rumbu ne: a buɗe kan masarar a duba ganyen da aka huda da kashin tsutsar mai kama da dusa. Amma ka jera saƙon da ke cewa gobe kowa ya yi shuka tun kwana goma kafin ranar, wannan ganganci ne. Idan ruwa ya ɗauke, wani ya bi maganarka ya binne irinsa ya ƙone, ba zai ce manhaja ce ta cuce shi ba, sunanka zai kira.

Akwai kuma abin da ya shafi mutunci. A yi rasuwa a unguwa, ko gobara a kasuwa, ana zaman makoki, sai ga shafin mutum ya saki tallan garaɓasa da raha. Jama'a ba za su san tun makon jiya aka jera shi ba. Don haka duk wanda ya jera saƙonni, ya zama kullum da safe yana leƙa kalandarsa ya ga abin da zai fita yau. In wani abu ya faru, aikin farko shi ne a dakatar da abin da ke kan layi. Ana iya ɗaga ranar, ana iya gyara rubutun, ana iya sharewa, duk kafin ya fita.

Wasiƙa ta uku daga wata Hajiya ce a Maraɗi, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji. Ta ce ita ba ruwanta da Facebook, a WhatsApp take cinikinta, to mene ne nata?

Hajiya, naki shi ne WhatsApp Business, wanda kamfanin ya fitar a 2018 domin masu ƙananan sana'o'i, shi ma kyauta. Yana da wurin jera hotunan kaya kamar kanta, yana da saƙon maraba ga wanda ya fara yi miki magana, da saƙon da ke amsawa da kansa idan kin rufe ciniki, da amsoshin da za ki ajiye don tambayoyin da ake yawan maimaitawa. Abin da kika sa a sitatus kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka yana son sabuntawa kullum. Dabarar ita ce ki ɗauki hotunan mako guda ranar da kika yi suya, ki ajiye su wuri ɗaya a waya, ki saita ƙararrawar wayar bayan sallar asuba ko bayan la'asar, tana kaɗawa ki sa guda. Wani abu kuma: jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar mutum 256, amma wanda bai ajiye lambarki a wayarsa ba saƙon ba zai kai gare shi ba. Sai ki riƙa roƙon abokan ciniki su ajiye. Muna kuma ja miki kunne game da jabun WhatsApp da yara ke sa wa mutane, irin su GB WhatsApp, masu alƙawarin tura saƙo da kansu. Kamfanin yana rufe lambar masu amfani da su, kuma ranar da aka rufe taki, kantinki ne aka rufe.

Wasiƙar ƙarshe daga wani mai sayar da taki da iri ce a Gombe. Wani ya ce ya ba shi lambar sirrin shafinsa da kuɗin wata-wata, zai sa masa a babbar manhajar da Turawa ke amfani da ita.

Malam, manhajojin suna nan. Akwai Hootsuite da aka kafa a Kanada a 2008, akwai Buffer da aka fara a Ingila a 2010. Amfaninsu shi ne mai shafuka da yawa ya rubuta abu sau ɗaya ya raba shi ko'ina. Hootsuite ta soke tsarinta na kyauta a 2023, kuma irin waɗannan da kuɗin waje ake biyansu. Mai shafi ɗaya ko biyu ba ya bukatar wannan ɗawainiya, na kyautar da muka ambata sun ishe shi. Lambar sirri kuwa makullin shagonka ce, ba a ba da ita. Facebook yana da hanyar da za ka sa wani ya taya ka aiki a shafi da nasa sunan, ka iyakance masa abin da zai taɓa, ranar da kuka ɓata ka cire shi. Kada ka ba shi cikakken iko, don mai cikakken iko yana iya cire ka kai kanka. Ka kuma kunna matakin tsaro na biyu, wato lambar da ake turowa waya, kuma kada ka karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfanin yake.

Kafin mu rufe, ga tunatarwa ga kowa. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ba sabis. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Wanda duk cinikinsa ke rataye a shafi guda ya ji a jikinsa. Saboda haka a sami ɗan littafi a rubuta sunayen abokan ciniki da lambobinsu, a kuma ajiye kwafin hotuna da bidiyo a katin waya.

To jama'a, nan za mu dasa aya. Manomin Malumfashi, Allah ya ba da damina mai albarka. Alhaji, a gaida yaron, a kuma nuna masa bambancin gwari da hatsi, don da kyakkyawar niyya ya yi. Hajiya da Malam na Gombe, Allah ya kawo kasuwa. Waɗanda ba su ji wasiƙunsu ba su ƙara haƙuri, suna nan a hannu. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.