Eugenia Charles da Majalisar Dominika

Tsibirin Dominika yana cikin tekun Karibiyan, tsakanin Gwadalup da Martinik, tsibirai biyu da ke hannun Faransa. Ba shi ne Jamhuriyar Dominikan ba, wannan ƙasa ce dabam. Faɗinsa bai wuce mil 290 murabba'i ba, mutanensa kuwa wajen dubu 70 ne, watau ba su fi jama'ar gari guda madaidaici ba. Kujerun zaɓe na majalisarsa 21 ne kurum. A ƙasa irin wannan, mutum ashirin masu bindiga suna iya sa ran kifar da gwamnati, kuma an gwada.

A nan aka haifi Mary Eugenia Charles cikin 1919, a ƙauyen Pointe Michel. Mahaifinta magini ne da ya tara dukiya har ya mallaki gonaki. Ta yi karatu a Toronto da London, ta komo gida a matsayin mace ta farko da ta zama lauya a tsibirin. Ba ta shiga siyasa da ƙuruciya ba, sai da ta kusa shekara hamsin. Abin da ya jawo ta kuwa wata doka ce ta 1968, wadda gwamnatin Edward LeBlanc ta kawo don ƙuntata wa jaridu, har jama'a suka laƙaba mata suna dokar rufe baki. Daga cikin masu ƙin dokar nan aka kafa jam'iyyar Freedom, ita kuwa ta zama shugabarta.

Masu rubuta tarihinta kan yi saurin tsallake shekaru goman da suka biyo baya, alhali kuwa a cikinsu ne aka gina ta. Ta tsaya zaɓen 1970, Patrick John ya kayar da ita, sai ta shiga majalisa ta hanyar naɗi. Cikin 1975 ta ci kujerar tsakiyar Roseau, babban birnin ƙasar, ta zama shugabar 'yan hamayya. Zaman hamayya a ƙaramar majalisa ba shi da daɗi ko kaɗan. Ba ma'aikatan da za su yi wa mutum bincike, ba yawan da zai hana doka wucewa, ga shi kuma wanda aka soka da safe shi za a gamu da shi a kasuwa da yamma. Makaminta guda ne, watau sanin doka, da karanta kowane daftari baƙi bayan baƙi, da harshe mai kaifi wanda ba ta taɓa rage masa wasa ba.

Dominika ta sami mulkin kai ran 3 ga Nuwamba 1978, Patrick John yana Firayim Minista. Ran 29 ga Mayu 1979 sojojinsa suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Roseau, gwamnatinsa ta faɗi cikin 'yan makonni. Cikin Agusta kuma guguwar David ta rushe gidajen mafi yawan mutane. A kan wannan kango ne jam'iyyarta ta ci kujeru 17 a zaɓen 1980, ta zama mace ta farko da ta riƙe gwamnati a tsibiran Karibiyan masu magana da Ingilishi.

Daga nan labarin ya daina zama na yabo zalla. Cikin 1981 ta kafa dokar ta-ɓaci, ta rushe rundunar sojan ƙasar baki ɗaya. Cikin Afrilu aka kama sojojin haya a New Orleans ta Amurka, wasunsu 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, suna shirin shiga jirgin ruwa su maido da John kan mulki. Cikin Disamba tsohon shugaban sojan, Frederick Newton, ya kai hari hedkwatar 'yan sanda. An rataye shi cikin 1986. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganinta tsaye kusa da Shugaba Reagan ran 25 ga Oktoba 1983 ba, tana kare shigar sojan Amurka Girenada bayan kisan Maurice Bishop. Amma fahimtar dalili dabam, wanke mai shi dabam. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tir da mamayar da ƙuri'a 108, tara kawai suka ƙi. Lauyar da ta shiga siyasa don kare doka daga ƙarfi, ita ce ta tsaya wa ƙarfin babbar ƙasa a kan maƙwabciya, kuma ba ta nuna nadama ba.

Rinjayenta ya yi ta raguwa, kujeru 15 cikin 1985, sa'an nan 11 cikin 1990, watau kujera guda ke riƙe da gwamnatin. Ta sauka da kanta cikin 1995, bayan shekara 25 a majalisa, 15 daga ciki tana Firayim Minista. Jam'iyyar da ta kafa ba ta daɗe da ƙarfi a bayanta ba. A zaɓen Mayu 2005 ba ta sami ko kujera ɗaya ba, ita kuwa Eugenia Charles ta rasu a Martinik cikin Satumba na shekarar, tana da shekara 86.