Ciki A Wajen Mahaifa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

 Makasudin wannan jawabi shi ne a bayyana halin matar da aka yi wa maganin cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da irin taimakon da take bukata daga shugabannin ƙasa bayan an sallamo ta daga asibiti.

Bisa al'ada, ƙwan mace yakan haɗu da maniyyin namiji a cikin wani siririn bututu, sa'an nan ya gangaro cikin mahaifa ya zauna. Wani lokaci kuwa sai ya maƙale a hanya, ya soma girma nan. Wannan yakan auku ga ciki 1 ko 2 cikin kowane 100, kuma fiye da 90 cikin 100 na irinsa a bututun nan yake zama. Bututun ba shi da faɗin da zai riƙe ɗa, saboda haka irin wannan ciki ba ya rayuwa. In an bar shi, sai bututun ya fashe, jini ya yi ta zuba a cikin cikin matar inda ido ba ya gani. Cikin abubuwan da ke jawo shi akwai tabon da ciwon sanyi ke bari a bututun, da fiɗar da aka taɓa yi a wurin, da shan taba. Sau da yawa ma ba a samun dalili. Ba sammu ba ne, ba kuwa aikin kishiya ba ne, kada hakimi ya bari a raba gida a kan wannan zato.

A shekarar 1883 wani likita mai suna Lawson Tait, a birnin Bamingam na Ingila, ya yi nasarar ceton mace ta hanyar fiɗa bayan bututun ya fashe. Har yanzu fiɗa ita ce magani in ya riga ya fashe ko cikin ya girma. Amma tun daga 1982 aka soma amfani da wata allura mai suna metotireksat, wadda ke tsai da girman cikin har jiki ya shanye shi da kansa. Ana yin ta ga wadda aka gano nata da wuri, tun bututun bai fashe ba.

To, a nan ne fa hatsarin yake ɓoye. Wadda aka yi wa fiɗa kowa ya ga ɗinki, ya san majinyaciya ce. Wadda aka yi wa allura kuwa da ƙafarta take komawa gida, sai dangi su ɗauka ta warke, alhali cikin yana nan bai gama narkewa ba, bututun kuma yana iya fashewa ko bayan makonni. Abin da ke tabbatar da warkewa shi ne awon jini. Akwai wani sinadari da ciki ke zubawa a jini, likitoci na kiransa hCG. Ana auna shi a rana ta 4 da rana ta 7 bayan allura, ana so a ga ya ragu da kashi 15 cikin 100 tsakanin awon biyu. In bai ragu haka ba, sai a ƙara allura ko a yi fiɗa. In ya ragu, sai a riƙa awo mako-mako har ya ɓace, abin da kan ɗauki wata guda ko fiye.

Cikin wannan lokaci ba ta daka, ba ta surfe, ba ta ɗauko ruwa ko itace. Mijinta ba ya kusantarta sai likita ya yarda. Ta bar ƙwayar ƙarin jinin da ake ba masu ciki in akwai folik asid a cikinta, domin yana karya ƙarfin allurar. Kada ta sha asfirin ko ibufurofen, farasitamol ya ishe ta. Kada a ɗura mata jiƙe-jiƙe ko saiwoyi. Mai shayarwa ta faɗa wa likita tun kafin a yi mata allurar.

Ciwon mara kaɗan da ɗigon jini cikin makon farko ba abin tsoro ba ne. Amma in ciwon ya tsananta, ko ta ji jiri, ko ta suma, ko idonta da tafin hannunta suka yi fari, ko ta ji ciwo a ƙarshen kafaɗa, to, lalle a kai ta asibitin da ake fiɗa nan take, ko da tsakar dare ne. Ba a jiran gari ya waye.

Aikin hakimi a nan a bayyane yake. Ya umurci dagatai da masu unguwa su san mai motar da za a tasa da dare. Ya gargaɗi magidanta su bar izini a gida, domin kada mace ta halaka tana jiran mijin da ya tafi fatauci. Ya ƙarfafa wa dangi gwiwa su ba da jini in an nema. Malamin hakimi kuwa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba ranakun komawa da ke rubuce a katin asibiti, ya kuma riƙe sirrin gidan mutane.

Bayan allura sai mace ta dakata wata 3 kafin ta sake ɗaukar ciki, domin maganin yana iya cutar da ɗan tayi. Wadda aka tsaga wa ciki takan bukaci hutun mako 4 zuwa 6. Ko da an cire bututu ɗaya, ɗayan ya isa ta haihu, kuma yawancin matan nan suna sake samun ciki lafiya. Sai dai kimanin 10 cikin 100 abin yakan sake samunsu, don haka da ta ga ɓatan wata sai ta je a yi mata hoton ciki da wuri.

A tuna kuma, matar nan rashi ta yi. A yi mata jaje kamar yadda ake yi wa wadda ta yi ɓari, kada a goranta mata. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.