KWANA 38 BABU WUTA: ABIN DA ISKAR SALLA TA TONA A GARINMU

Jawabin da tsohon hedimasta, kuma sakataren kwamitin gyaran wuta na 2018, ya gabatar a babban taron shekara na ƙungiya



 A takardar gayyatar da aka aiko mini an ce in yi magana a kan ilmi, kamar yadda aka saba ɗora wa tsofaffin malamai. Na roƙi shugaba ya yi mini afuwa in kauce, domin na ji cewa bayan sallar azahar za ku yanke shawara a kan kuɗin da aka tara, kuma mafi yawanku sun karkata ga gina ƙofar gari. Ina so, kafin a ɗaga hannu, ku ji abin da ke cikin wannan littafi da nake riƙe da shi. Tun muna kwalejin horon malamai aka hore mu da rubuta abin da ya faru a makaranta kowace rana, kuma ɗabi'ar ba ta sake ni ba har bayan na aje alli.

Ranar Asabar 16 ga watan Yuni 2018, washegarin ƙaramar Salla, hadari ya haɗo daga gabas da yamma, iska ta riga ruwa isowa. Kowa ya san ɓarnar da ta yi a cikin Bauchi: an yi asarar rayuka, kwanukan gidaje da na makarantu suka yaye, turakun wuta suka zube a kan tituna, har Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo jaje bayan 'yan kwanaki. Abin da jaridu ba su ɗauka ba shi ne abin da ya sami ƙananan garuruwa irin namu. Da gari ya waye muka bi layi a kan babura daga nan har mararraba, muka ƙirga falwaya 23 a ƙasa. Guda 19 daga ciki na katako ne, kuma da muka duba gindinsu sai muka tarar gara ta riga iska gama aiki.

A nan ya kamata in yi ɗan bayani, domin rashin saninsa ya sa muka ɓata makon farko muna jira. Wutar da muke sha tana tasowa ne daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro, da kuma tashoshin gas na kudu. Takan hau manyan layuka masu ƙarfin bolt 330,000 zuwa Jos, a rage ta zuwa 132,000 ta iso Bauchi, a sake rage ta zuwa 33,000 a rarraba wa garuruwa, sannan taransifomar unguwa ta sauko da ita daidai abin da ƙwan fitila zai ɗauka. Idan ɓarna ta auku, masu gyara daga kai suke farawa, su bi ta kan manyan asibitoci da gidan ruwa da unguwannin birni. Mu wutsiya ne. Ba zargin kowa nake yi ba, haka tsarin yake, kuma garin da ya san matsayinsa a layi shi ne zai yi tanadi daidai da shi.

Ku da kuke birni, idan aka ce an ɗauke wuta, abin da ke zo muku a rai shi ne fanka da talabijin da cajin waya. Mu abin da ya fara ƙwace mana ruwa ne. Rijiyoyin burtsatsenmu uku duk da wuta suke aiki, kuma abin da ke cikin tankuna bai wuce kwana biyu ba. Tsofaffin rijiyoyin da kakanninmu suka haƙa, tun da famfo ya zo muka juya musu baya. Wata ta zama bola, wata ta rufta, wata an gina shago a kanta. Abin da ya rage wa gari guda shi ne famfon tuƙa-tuƙa na makarantar firamare, wanda na sha jin ana cewa ya tsufa a cire shi. Tun kafin kiran assalatu ake jera bokitai, kuma sau biyu sai da mai unguwa ya zo rabon faɗa. 'Yan ga-ruwa suka ninka kuɗin jarka sau uku. Wanda ba shi da hali ya tura yara kududdufi, ga shi farkon damina, ruwan farko ya wanko duk ƙazantar rani ya zuba a ciki. A mako na biyu na rubuta gida bakwai da yara suka kwanta da gudawa. Sai da malamin asibiti ya bi masallatai yana roƙon a tafasa ruwan sha, a tace, a rufe, kafin abin ya lafa. Allah ya kiyaye bai zama annoba ba, amma ba dabararmu ba ce.

Niƙa ma ya tsaya, in ban da inji ɗaya mai shan man dizal. Tsofaffin mata suka fito da dutsen niƙa daga bayan rumbu, aka gano cewa akwai matan aure da ba su taɓa riƙe ɗan dutse ba. Masu walda, masu ƙanƙara, da matan da ke sayar da zoɓo da kunun aya daga cikin gida, duk jarinsu ya narke.

Sai asibiti. Firjin alluran riga-kafi ya mutu, aka kwashe abin da ke ciki zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, aka daina yi wa jarirai allura a nan har wutar ta dawo. Ranar Juma'a 22 ga Yuni, samarinmu suka yi karo-karo suka sayi mai, suka tada janareto a gidan kallo domin wasan Nijeriya da Iceland a gasar cin kofin duniya, wanda Ahmed Musa ya ci ƙwallo biyu. Ban ga laifinsu ba, har gidana na jiyo ihun. Amma a daren wannan ranar ungozomar asibiti ta karɓi haihuwa da tocilan a baki, domin hannayenta biyu suna aiki. Gidan kallo yana da janareto, ɗakin haihuwa ba shi da shi. Wannan shafin nakan daɗe a kansa duk sa'ad da na buɗe littafin.

Akwai wani abokin aikina mai ciwon sukari da yake yi wa kansa allurar insulin, wadda zafi ke lalatawa. Abin da ya taimake shi dabarar nan ce ta tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a aje a inuwa inda iska ke ratsawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa, shi ke janye zafin. Wani malami ɗan Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki da rani sa'ad da iska take a bushe, kuma ba ta kai firji ba, amma tumatir da tattasai da alayyafo sukan ƙara kwanaki a ciki. Abin kunya, mu da muke da maginan tukwane a unguwa guda, sai da wani yaro ya gani a waya ya tuna mana.

Yanzu zan zo ga abin da ya fi mini nauyi. Da duhu ya yi tsawo, 'ya'yanmu na birni suka shiga aiko wa iyayensu ƙananan janareto, Allah ya saka musu da alheri. Wani magidanci, saboda tsoron ɓarayi da ruwan sama, ya shigar da nasa cikin baranda, ya rufe ƙofa da taga, suka kwanta. Da ba a gan shi a sallar asuba ba, maƙwabcinsa ya je ya ɓalle ƙofar. Shi da matarsa da yara biyu sun farfaɗo a asibiti. Jaririn goye bai farfaɗo ba. Gubar da ke cikin hayaƙin janareto ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya ma jin waɗannan. Gawayin da aka hura a rufaffen ɗaki shi ma haka yake kisa. Don Allah duk wanda zai aiko da inji ya haɗa da gargaɗi: a waje ake aje shi, nesa da taga, ko da za a gina masa ɗan keji mai ƙofar ƙarfe. Kuma kada a jona shi da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin gari ba, domin wutarsa tana iya komawa ta bi wayar da ke yashe a titi, wadda yara suke ɗauka matacciya ce.

A dare na 12 ɓarayi suka yanke manyan wayoyin taransifomar kasuwa. Ashe wutar da ke ciki ita ce maigadinta. Bayan an yi ɓarnar ne muka sa 'yan sintiri da maharba kwana a gindin sauran biyun.

Batun kuɗi kuwa, ina da laifi a ciki, kuma gara ku ji daga bakina. Da muka ga jira ba zai fisshe mu ba, muka yanka wa kowane gida abin da zai bayar, ku ma kuka aiko. Sai dai wani ya aiko ta hannun ƙaninsa, wani ta hannun direban mota, wani ya yi alkawari a waya bai cika ba, har aka fara zargin juna. Da abin da ya iso hannunmu muka sayi falwayoyin siminti da waya, muka biya kuɗin mota da na ma'aikata, wuta ta dawo a rana ta 38. Daga baya ne wani ɗanmu lauya ya nuna mini cewa hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta sha bayyana cewa sayen taransifoma da falwaya da waya ba nauyin mai shan wuta ba ne, kuma al'ummar da ta ga dole ta sa kuɗinta, sai ta fara ƙulla yarjejeniya a rubuce a kan yadda za a mayar mata. Ni da na shekara 35 ina hana yara karɓar kome ba da shaida ba, na miƙa kayan jama'a ba tare da ko takarda ɗaya ba. Har yau ba mu ga kwabo ba, kuma ba mu da abin da za mu nuna.

Wasu sukan ce kwanakin nan sun dawo da hirar dare da tatsuniya. Gaskiya ne, na ga jikokina sun kewaye kakarsu a farin wata. Amma wanda ya bi layin famfo ba zai yi kewar lokacin ba.

Jarrabawa ta biyu ta zo a watan Oktoba 2024, ba tare da iska ba. An riga an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma wanda ya taso daga Inugu ya biyo ta Makurɗi zuwa Jos ya sami matsala, akasarin jihohin Arewa suka shiga duhu na kimanin kwana 10. Wannan karon har ku na birni kun ɗanɗana. Na sake zagaya gari da littafina. Masallacin Juma'a yana da sola, shagunan cajin waya da masu POS suna da ita, gidajen masu hali ma haka. Rijiyoyin burtsatse uku suna nan yadda suke, asibiti yana nan yadda yake, layin bokitai ya koma makarantar firamare. Bambancin kawai, litar man da muka saya naira 145 a 2018 ta haura naira 1,000, saboda haka janareton da ya ɗan rufa mana asiri a wancan karo ya gagari mai shi.

Ni ba maƙiyin ƙofar gari ba ne, ranka ya daɗe. Ina son baƙo ya shigo ya san ya zo garin mutane. Roƙona shi ne ta jira shekara guda. A ɗauki rijiyar tsakiyar gari a mayar da ita mai aiki da hasken rana. Wannan ba ta ma buƙatar batir, da rana take cika tanki a sha har dare. A sa wa ɗakin haihuwa da firjin allura nasu faranti da batir. Abin da ya saura a yashe tsofaffin rijiyoyi biyu da ba su rufta ba, a ɗaure bakinsu, a yi musu murfi. Na san abin da wasu za su ce, cewa ga rijiyoyin sola nan birjik a ƙauyuka sun mutu. Haka ne, kuma yawancinsu ba rana ce ta ƙare ba: ƙura ta rufe faranti babu mai gogewa, ko an sace, ko famfo ya lalace babu asusun gyara. Don haka kada a kafa kome sai an naɗa mai kula, an yanka masa albashi, an kuma amince da ɗan abin da za a riƙa biya a kan jarka.

Akwai kuma aikin da ba ya cin kuɗin ƙungiya. Layin darbejiyar da muka dasa da 'yan makaranta a gabashin gari, wanda yake karya ƙarfin iska kafin ta iso gidaje, an sare fiye da rabinsa an yi gawayi. Ina roƙon mai girma Hakimi ya sa baki a maye gurbinsu a daminar bana, a kuma riƙa sassabe rassan da suka hau kan waya tun watan Afrilu, da sanin ma'aikatan wuta, ba yaro ya hau da adda ba.

Littafin nan da rasiɗan da ke maƙale a bayansa zan miƙa su ga sakataren ƙungiya yanzu. Sunan kowa da abin da ya bayar a 2018 yana ciki, wanda yake da shakka ya duba kafin azahar. Wanda na saɓa wa a cikin maganata ya yafe mini. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.